Kafin Ku Jiƙa Kanwa

A 'yan shekarun nan da wuya in zauna cikin samari da 'yan mata hira ta yi nisa ba tare da wani ya dafe ƙahon zuciyarsa ya ce olsarsa ta tashi ba. Wata ta ce cikinta ya kumbura tun jiya, wani ya ce gyatsa mai tsami ta hana shi barci. Nan da nan sai shawara ta ɓarke: wannan ya ce a jiƙa kanwa, wancan ya ce a matsa lemun tsami, wata ta ce a sha madara mai sanyi. Kowa da kyakkyawar niyya yake faɗa, kuma kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da ranarsa. Abin da ke damuna shi ne ba wanda ya tsaya ya tambayi mai ciwon yadda yake ji, alhali maganin wani ɓacin cikin shi ne ke ƙara wa wani wuta.

Ku fara da rarrabewa. Akwai kumburi: ka ci abinci sai ka ji ya tsaya maka, ciki ya cika tam, iska na yawo, kana ta gyatsa amma nauyin bai sauka ba, wani lokaci har da tashin zuciya. Akwai kuma ƙwarnafi: zafi ne yake tasowa daga ƙahon zuciya ya bi ƙirji, har ruwa mai tsami ya iso maƙogwaro, kuma ya fi tsanani idan ka kwanta ko ka sunkuya. Tumbin mutum yana da wani ruwa mai tsananin tsami da Allah ya sanya don narkar da abinci da kashe ƙwayoyin cuta, kuma ya lulluɓe bangon tumbin da yauƙi don kada ruwan ya ci shi. Hanyar da abinci ke bi daga baki ba ta da wannan kariya. A inda ta haɗu da tumbi akwai wani nama da ke tsuke wurin kamar yadda zariya ke tsuke bakin jaka. Idan jakar ta cika fiye da kima, ko zariyar ta saki, ruwan tsamin nan sai ya yi sama, shi ne ƙunar da kake ji. Wanda ya riƙe wannan bayani ya riga ya san rabin abin da zai sha da abin da zai bari.

Ga mai kumburi da tashin zuciya, ban san abin da ya kai citta ba a madafinmu. Ka samu ɗanya, gwargwadon gaɓar babban yatsanka, ka kankare bayanta, ka daddaka ta sama-sama, ka zuba a ruwa kofi biyu. Ka bar ta ta tafasa kamar minti goma, har ruwan ya yi ɗan rawaya ƙamshin ya cika ɗaki. Idan kana so ka jefa kanumfari ƙwaya biyu ko uku. Ka tace, ka bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, ka ɗiga zuma kaɗan, ka riƙa kurɓa a zaune, ba a kwankwaɗa shi tashi ɗaya. Citta tana taimaka wa tumbi ya tura abinci gaba, tana kuma kwantar da tashin zuciya, shi ya sa ko mai ƙaramin ciki da ke fama da laulayi 'yar kaɗan takan yi mata amfani. Amma na ga yadda wasunku ke yi, a cika tukunya da busasshiyar citta da masoro da kimba har ruwan ya riƙa yankar harshe, wai don ya fi aiki. Wannan yaji ne kuka sha, kuma mai ƙwarnafi idan ya sha shi ba zai runtsa ba a daren.

Na'a-na'a ma haka take. Tana sassauta hanji, tana rage murɗa, tana sa iska ta fita. Ganye ɗan dunƙule a zuba masa tafasasshen ruwa, a rufe minti biyar, ya wadatar. Sai dai sassautawar da take yi ba ta tsaya a hanji ba, har naman nan da ke tsuke bakin tumbi takan sassauta. Don haka mai kumburi ya sha, mai ƙwarnafi ya haƙura da ita. Shayin da kuke dafawa a majalisa kuwa, mai kaurin nan da ake zuba wa sukari kamar ba gobe, a sha na fari da na biyu da na uku cikin dare, shi ba ya cikin lissafin magani ko da an cika shi da na'a-na'a. Ganyen shayi mai ƙarfi, da kofi, da goro, da taba, da shishar nan da ta shigo muku, duk suna tayar da ƙwarnafi.

Wani kumburin kuma asalinsa a ƙasa yake: an kwana biyu ko uku ba a zaga ba, ko ana zagawa da ƙyar. Irin wannan ruwan tsamiya da aka jiƙa aka tace yana sakin sa a hankali, haka ma nunanniyar gwanda, da kwaɗon zogale ko rama, da shan ruwa sosai. Yawancinku kun koma burodi da taliyar leda da farar shinkafa safe da dare, ganye sai an yi sa'a, to ta ina hanji zai samu abin da zai tura? Amma tsamiya da lemun tsami, sunansu ya faɗi halinsu. Wanda ƙirjinsa ke ƙuna kada ya ƙara tsami a kan tsami.

Yanzu bari in zo kan kanwa, don a kanta na fi so ku saurare ni. Ba zan ce muku ba ta aiki ba, don tana yi. Tun kakanninmu fatake ke kawo ta daga yankin Manga a gabashin Nijar da kewayen Tafkin Chadi, kuma ba a banza ta shiga ɗanwake da miyar kuɓewa da kunu ba. Kanwa kishiyar tsami ce. Idan ruwanta ya haɗu da ruwan tumbi sai ta kashe kaifinsa nan take, iska ta taso, ka yi wata doguwar gyatsa, ka ji sakayau. Wannan sauƙin gaskiya ne, shi ya sa mutane suka yarda da ita. Matsalar tana wurare uku. Na farko, ba ta da awo: ɓarin da ka jefa a kofi yau ba ƙarfinsa ɗaya da na gobe ba, jar kanwa daban, ungurnu daban, ga ƙasa da yashi a ciki, kuma idan ta yi kauri ita kanta tana ƙona hanyar abinci. Na biyu, iskar da take tayarwa ƙarin kumburi ce ga cikin da ya riga ya cika. Na uku, wanda ya fi muni, sinadarin da ke cikin gishiri mai hawar da jini shi ne dai a cikin kanwa, kuma da yawa. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun yi ta ganin masu jego da zuciyarsu ta gaza, jiki ya kumbura, numfashi na sarƙewa, suka kuma danganta yawan hakan da shan kunun kanwa mai kauri tare da wankan jego da kwanciya a kan gadon wuta. Saboda haka mai hawan jini, da mai ciwon zuciya ko ƙoda, da mai juna biyu, da mai jego, ina roƙonsu su bar jiƙa kanwa su sha. Wanda ke da lafiya garau, idan dare ya yi masa ba abin da ke kusa, ɗan tsinkakken ruwanta sau ɗaya ba zai kashe shi ba. Amma duk wanda ya wayi gari yana ajiye kofin kanwa a gefen gado kullum, ya sani ciwon nan nasa ya wuce na kanwa. 'Yar wadda ake sa wa girki ba ita nake magana a kai ba.

Madara da kindirmo suna sanyaya ƙirji na ɗan lokaci, daga baya su sa tumbi ya ƙara zubo da ruwan tsami. Kurɓi kaɗan ba laifi, amma ba magani ba ne. Akwai kuma mutane da yawa da madara ce kanta ke kumbura musu ciki, ba su gane ba. Idan kana zargin haka ka bar ta mako guda ka gani.

Gaskiyar magana, 'ya'yana, mafi yawan ɓacin cikin da ke samunku a bakin kwano ake ɗauko shi. Ku dubi yadda muke buɗa baki da azumi. An wuni ciki ba komai, ana kiran sallah sai a sa dabino a baki, kafin a haɗiye an ɗaga jarkar zoɓo mai ƙanƙara an shanye rabi. Ga ƙosai yana ɗigar mai, ga soyayyen dankali da ƙwai, ga yaji an barbaɗa, ga kunu, ga lemun kwalba a gefe. Cikin minti goma an tura duka, hannu na kai wa baki tun na farko bai gama tauna ba. A yi Magariba a dawo a zauna wa tuwo. Sai a tafi asham, kuma da an sunkuya ruku'u ruwan tsami ya taso har hanci, a yi sujada ana haɗiyarsa. Da asuba kuma a cika ciki da sahur, a idar da sallah a bi lafiyar gado. Sannan a ce azumi ne ke tayar da olsa. Da an sha ruwa kaɗan marar sanyi sosai, an ci dabino, an kurɓi kunu mai ɗumi, an je an yi sallah an dawo, sannan a ci sauran a natse, da yawancin wannan wahala ba ta samu ba. Haka abin yake ranar Babbar Sallah da kwanakin da ke binta, a wuni ana tsintar soyayyen nama daga wannan gida zuwa wancan. Maiƙo shi ne abin da ya fi daɗewa a tumbi, shi ya sa nauyin nama da kitse kan kai har washegari. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya mana a hadisin da Tirmizi ya ruwaito cewa a kasa ciki uku, a bar wa abinci kashi ɗaya, abin sha ɗaya, numfashi ɗaya. Na daɗe ina sauraron likitoci a kan wannan ciwo, ban ji shawarar da ta wuce wannan ba.

Ku zauna ku ci, ku tauna sosai. Mai ci da sauri, da mai ci yana surutu, da mai tauna cingam duk wuni, iska suke haɗiya, ita ce ke dawowa gyatsa. Bayan an gama kada a miƙe a tabarma. Abinci yakan ɗauki awa biyu zuwa huɗu kafin ya bar tumbi, don haka tsakanin tuwon dare da kwanciya a bar aƙalla awa biyu, uku ta fi. Ɗan tattaki a hankali, ko zuwa masallaci da dawowa, yana saukar da abinci fiye da kowane jiƙo. A sassauta bel da zani, kada a ɗaure ciki tamau. Wanda ƙwarnafi ke tasa cikin dare ya sa bulo ko katako a ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai, ya ɗaga kamar taƙi ɗaya, yadda duk ƙirji zai fi ciki tudu. Tara matasan kai ba ya yi, don wuya kawai yake lanƙwasawa ya ƙara matse ciki. Kwanciya ta gefen hagu ma tana rage tasowar ruwan, saboda yadda tumbi yake zaune a jiki. Na san sunna ce a kwanta ta dama. Ka fara da ita, ka yi addu'arka, idan ƙunar ta taso sai ka juya.

'Yan matana masu girki, wake ba abokin gaba ba ne, abinci ne mai gina jiki kuma shi ne rufin asirin talaka. A jiƙa shi tun dare, a zubar da ruwan, a dafa da sabo har ya yi luguf, iskar da yake sawa za ta ragu sosai.

Akwai wani abin da nake so samari musamman su ji, masu aikin ƙarfi da 'yan acaɓa da masu dako da leburori. Kun dawo jiki na ciwo, sai ku tsaya kemis a haɗa muku ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle a leda, ku watsa a baki ciki ba komai. A cikin haɗin nan da wuya a rasa ibuprofen ko diclofenac ko piroxicam ko asfirin, wani lokaci biyu a haɗe. Waɗannan magunguna suna rage yauƙin da ke kare bangon tumbi, kuma shan su kullum yana daga cikin manyan abubuwan da ke haƙa gyambo a ciki har ya yi jini ko ya huje. Mata masu ciwon mara ma suna faɗawa wannan tarko duk wata. Idan ciwon jiki ne na gajiya, farasitamol ya fi sauƙi ga tumbi, shi ma a kan ƙa'ida. Ba amfanin ka sha citta da safe ka sha haɗi da dare.

Shi gyambon ciki, wato olsa ta gaskiya, mun taso ana ce mana yunwa ce ke kawo shi, ko yaji, ko tunani. Likitocin duniya ma sun daɗe a kan irin wannan fahimta. Sai a farkon shekarun 1980 wasu likitoci biyu a birnin Perth na ƙasar Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka gano wata ƙwayar cuta da ke iya rayuwa a cikin tsamin tumbi, wadda yanzu ake kira Helicobacter pylori. Abokan aikinsu ba su yarda ba, har a 1984 Marshall ya shanye ruwan da aka raini ƙwayar a ciki, cikin 'yan kwanaki tumbinsa ya kamu, ya nuna wa duniya. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da wannan ƙwaya, kuma ta fi yawa a inda ake cunkoso da ƙarancin ruwa mai tsabta, galibi tun ana yara ake ɗaukarta. Yawancin masu ita ba ta yi musu komai, amma ita ce sanadin mafi yawan gyambon ciki, tana kuma da hannu a kansar tumbi. Yunwa da yaji suna tsokano zafin ne kawai. Abin farin ciki shi ne ana gwada ta, ta bayan gida ko ta numfashi, kuma ana kashe ta da magani na kamar mako biyu. Ina jin takaici idan na ga mutum ya shekara goma yana cewa shi mai olsa ne, ya bar azumi, ya bar yaji, yana yawo da kwalbar farin maganin ƙwarnafi a aljihu, alhali bai taɓa yin gwajin ba. Citta da zuma da habbatus sauda duk ba sa fitar da wannan ƙwaya.

Masu tallar magani da lasifika a kasuwa da tasha, waɗanda jarka ɗaya tasu ke maganin olsa da basir da sanyi da shawara gaba ɗaya, ba na hana kowa neman abincinsa, amma ku ba ku san abin da ke cikin jarkar ba. Abin da kuka daka da hannunku a turminku kun san shi. Hanta da ƙoda ba sa kuka da wuri, sai sun gaji.

Maganin gida na ɓacin cikin da aka san dalilinsa ne, wanda ya zo bayan an ci da yawa ko an ci maiƙo, ya kuma tafi cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan ya wuce mako biyu yana dawowa, a je asibiti. Akwai kuma alamomin da ba a jira da su ko kwana ɗaya: bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, aman jini ko amai mai baƙin gari-gari, abinci na maƙalewa wajen haɗiya, rama ba dalili, amai da ya ƙi tsayawa, ido ya yi rawaya, ko ciwo mai tsanani da ya sa ciki ya yi tauri ba ya taɓuwa. Ciwon da ya fara a cibiya ya koma ƙasan ciki ta dama da zazzaɓi, shi ma kada a ba shi tsamiya ko wani abin sakin ciki, a kai shi a duba.

Ku kula da iyayenku a nan, don su ba za su faɗa ba. Dattijo ya ce ƙwarnafi ne ya tokare masa ƙirji, amma kuka ga gumi na keto masa, numfashi na yi masa wuya, nauyin yana bin hannun hagu ko muƙamuƙi ko baya, wannan yana iya zama zuciya ce, musamman idan yana da hawan jini ko ciwon suga. An rasa mutane da yawa ana tsaye ana jiƙa musu kanwa. A nemi mota nan take. Haka mai tsohon ciki: ƙwarnafi abu ne da aka saba gani a watannin ƙarshe, amma idan ciwo ya tokare ta a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko ƙahon zuciya, ga ciwon kai, ga fuska da hannu sun kumbura, ko tana ganin dishi-dishi, to mai yiwuwa jininta ne ya hau, kuma jijjiga na iya biyo baya. Jariri kuma ba a ɗura masa jiƙo, ba a ba shi kanwa, kuma ba a ba shi zuma sai ya cika shekara. Yaron da ke gudawa da amai, ruwan gishiri da sukari na asibiti za a fara ba shi a kan hanyar zuwa wurin likita.

Idan kun je, ku faɗa wa likita duk abin da kuka sha, har kanwar da haɗin kemis da na jarka, ba abin kunya ba ne, kuma yana canza irin maganin da zai rubuta. Wanda ke shan maganin olsa na omeprazole ya ambata kafin a yi masa gwajin ƙwayar Helicobacter pylori, don maganin yana ɓoye ta, akan so a dakatar da shi mako biyu tukuna. Idan an same ta aka ba ku magani, ƙwayoyin suna da yawa, bakinku zai yi ɗaci, kuma wajen kwana na huɗu ko na biyar za ku ji kun warke ku so ku ajiye. Ku daure ku shanye har ƙarshe, sannan bayan wata guda ku koma a sake gwadawa a tabbatar ta fita.